Layar da Muka Kusa Ƙonawa

Abubuwa da yawa sun faru da ni a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai wani mako guda da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, shi zai rage. Makon da muka kusa cinna wa wata 'yar takarda wuta ne, takardar da ba ta kai tafin hannuna faɗi ba.

A lokacin ina shekara ta biyu a jami'a. Mun daɗe muna haya a gabashin gari, ɗaki biyu da falo, irin gidan da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Daga baya Allah Ya hore wa Baba ya sayi gida. Tsohon gida ne na jan bulo kusa da tsakiyar gari, a wani layi da manyan itatuwa suka yi wa rumfa. Ya jima babu kowa a ciki. Matakalarsa tana kuka in an taka, ƙofofinsa kuma sai an sa kafaɗa suke buɗewa. Ni dai tun ranar farko na kamu da sonsa. A saman matakala akwai wata taga mai gilashi ruwan ɗorawa, da hantsi haske yakan zubo ta cikinta ya kwanta a kan katako kamar an tsiyaye zuma. Nan nake zama da littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina, ina ta saƙe-saƙen su wane ne suka taɓa hawa da sauka a wurin kafin mu. Mama takan wuce da kwandon wanki ta ce, "Ke dai in aka ƙyale ki, gidan nan za ki aura."

Ita Mama gidan bai kwanta mata ba. Sana'arta sayar da atamfa da shadda da leshi, ana aiko mata daga Kano, kuma ta ji daɗin samun ɗakin cin abinci da ta mayar shago. Amma tun da muka tare abubuwa suka riƙa biyo juna. Famfon kicin ya fashe. Wani ya goge wa Baba mota a wurin aiki ya gudu. Kayanta suka maƙale a hanya fiye da yadda aka saba. Ga ciwon kai da yake saukar mata kullum da yamma. Ba ta cewa komai, amma na san Mama, ɗaya bayan ɗaya take ƙulle su a zuciya.

Wata Asabar a lokacin da ganyaye suke ja suna zuba, ni da Baba muka hau kankare tsohon fentin ƙofar baya, wadda take shiga kicin. Fenti ne a kan fenti. Muka kankare fari muka tarar da kore, ƙarƙashin kore ruwan ƙasa, ƙarƙashinsa shuɗi. Ina ta mafarkina na cewa kowane launi zamanin wasu mutane ne, sai wuƙar kankarar ta ci karo da wani abu mai tauri a dogaran ƙofa ta hannun dama, daidai kafaɗata. Na bi shi a hankali. Wani ɗan siririn kwanso ne na tagulla, tsawon yatsa, an kafa shi a karkace da ƙusa biyu. Baba ya ɓamɓaro shi. Bayansa a buɗe yake, a ciki kuma ga wata 'yar fata a naɗe, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Da ya warware ta kaɗan, sai ga rubutu baƙi, ƙanana, layi-layi, an yi shi da hannu, da wasu haruffa da ba na boko ba, ba kuma na Larabci ba.

Mama tana tsaye a bakin murhu. Ta leƙo, ta gani, ludayin ya faɗi daga hannunta.

"Inna lillahi! Laya ce. Alhaji, laya ce aka binne mana a ƙofa!"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da Mama ta gani. Rubutu a naɗe, a ɓoye a bakin ƙofa inda kowa zai ƙetare, an shafe shi da fenti don kada a gani. A wurinmu wannan sunansa sammu. Nan take famfo da mota da kaya da ciwon kai suka haɗu suka sami uba.

Ba a yi awa guda ba sai ga Anti. Aminiyar Mama ce, 'yar Maraɗi, ba ta buɗe baki sai da "bon" irin na mutanen can, wato "to", tana da shagon kitso a gabashin gari, kuma babu abin da yake faruwa a duniya da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta tsaya nesa da teburin ta miƙa wuya.

"Bon, Hajiya, ba na faɗa miki ba? Gida kamar wannan ya zauna shekara da shekaru babu mai so? Irin wannan aka tono a gidan ƙanwar kakata. Ana ƙona shi, a ranar ta miƙe ta yi daka."

"Anti, ba a san ko mene ne ba fa," na ce.

"Ke 'yar boko, yi mana shiru. Ku da aka kawo ku nan da goyo me kuka sani?"

Mama ta riga ta ɗauko ashana da tsohon kwanon silba. Baba ne ya ɗora hannunsa a kan takardar. Mutum ne mai sanyin magana, ma'aikacin ɗakin magani, bai cika jayayya da Mama ba. Amma ran nan ya ce, "Hajiya, ni ba na ƙona rubutun da ban karanta ba. In da sunan Allah a ciki fa?"

"Sunan Allah a wannan tsutsar rubutun?"

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba."

Na san inda maganar ta fito. Baba ya sha ba ni labarin mahaifinsa, wanda ko a tsakiyar kasuwa ya ga takarda mai rubutu a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya soke ta a tsagar bango inda ƙafa ba za ta kai ba. Ba ya tsayawa duba ko mece ce. Har takardar ƙunshin ƙosai ya sha sokewa.

Mama ta ce to, ita ba za ta kwana gida ɗaya da abin ba, kuma fitar da shi waje ba zai karya shi ba, sai wuta. Baba ya nemi a ba shi zuwa Juma'a. In aka sauko daga masallaci ba a san ko mene ne ba, da hannunsa zai ƙyasta ashanar. Mama ta haɗa 'yar jakarta ta bi Anti. Baba ya naɗe kwanson da takardar a farin hankici, ya ɗora can saman kabad, ya juyo ya dube ni.

"Uwata, ke ce mai karatu. Ga ki, ga shi."

Kada in yi ƙarya in ce na sha wata wahala kafin in gano rubutun. Hoto na ɗauka da waya, cikin 'yan mintoci ta gaya mini Ibrananci ne, kuma abu ne da Yahudawa suke kafawa a ƙofofin gidajensu, suna kiransa mezuza. Na kira Mama da murnata. Ashe ƙara dagula lamarin na yi.

"Yahudawa?" ta ce. Ina jin muryar Anti a bayanta tana salati. "To, waya ce ta kafa shi? Waya ta san da wace niyya aka kafa? In na kirki ne me ya sa aka ɓoye shi da fenti? Ki kawo mini wanda ya saka, in ji daga bakinsa."

Na ji haushi a lokacin, amma yanzu ina ganin tambayarta ta fi amsata nauyi. Kuma gaskiya ni kaina sai da gabana ya ɗan faɗi. Har zuwa wannan rana kalmar Bayahude a wurina kalma ce ta labarai da wa'azi da gardamar maza a falo. Ban taɓa haɗa ta da fuskar wani mutum mai kicin da ƙofar baya ba.

Ran Litinin na bar aji na tafi babban laburaren gari, sashen da ake ajiye tarihin unguwanni. Wata ma'aikaciya mai farin gashi ta sauko mini da tsofaffin littattafan da ake jera sunayen mazauna gari layi-layi. Na riƙa bin lambar gidanmu baya-baya, kamar yadda na kankare fentin. 'Yan haya, 'yan haya, wani ofishin inshora, wasu 'yan haya. Can ƙasa sai na tarar da suna ɗaya da ya zauna daram shekara bayan shekara, littafi bayan littafi, gefensa an rubuta: mai sayar da yadi da kayan ɗinki. Ma'aikaciyar ta nemo mini wani hoto. Wani gajeren mutum mai gemu da hula yana tsaye a ƙofar shago, bayansa bandir-bandir na yadi har rufi. Na daɗe ina kallonsa. In ka cire kwat ɗin ka sa masa babbar riga, sai ka rantse a Kantin Kwari aka ɗauka.

Ita ce ta ba ni shawarar in kira wurin ibadar Yahudawan garin. Sai da na danna lambar sau uku ina kashewa. Me zan ce? Ni Musulma ce, mun tsinci abinku, uwata tana so ta ƙona? Da na daure na yi magana, matar da ta ɗauka ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta san iyalin. Saura mutum ɗaya da ta tashi a gidan, jikar mai shagon, ta haura tamanin da yawa, tana zaune wurin 'yarta a Summerfield, wani ƙaramin gari kusa da namu. Ta ce za ta isar da saƙo, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Talata ta wuce shiru. Laraba ma har la'asar shiru. Baba yana dawowa daga aiki ya dafa mana taliya mu ci mu biyu a kicin ɗin da babu Mama, ba ya tambayata komai, sai dai in ga ya ɗaga kai ya dubi saman kabad. Na san shi, in Juma'a ta yi zai cika alkawari ko da ransa ba ya so. Ina wanke kwanuka da yammar Laraba waya ta yi ƙara. Wata murya ce siririya mai rawa. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "A wace ƙofa kuka same shi?"

Na ce, "Ta baya, ta kicin."

Ta ce, "Gobe zan zo."

Saura shawo kan Mama. Baba ne ya kira ta, kuma bai ce mata komai game da laya ba. Cewa ya yi, "Hajiya, gobe muna da baƙuwa, tsohuwa ce, sa'ar Innarki. Ni ina wurin aiki har azahar. Ban san wa zai ba ta ruwa ba."

"Alhaji, wayo za ka yi mini?"

"A'a. Na dai ce kada a ce tsohuwa ta zo gidanki ta tarar da murhu a sanyaye."

Da hantsin Alhamis sai ga Mama ta shigo tana mita, Anti na biye da ita. Ta ce ba don kowa ta zo ba sai don kada a zage ta. Tana mitar tana jiƙa zoɓo, tana mitar tana soya waina.

Bayan azahar mota ta tsaya. 'Yar ce ta fara fitowa, ita ma babbar mace, ta taimaka wa tsohuwar ta sauko. 'Yar ƙarama ce, ta ranƙwafa, tana dogara sanda, ta sa jar kwat. Na buɗe musu ƙofar gaba, amma ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta taɓa shiga gidan nan ta gaba ba sai ranar biki. Muka zagaya da ita a hankali ta kan busassun ganyaye. Da ta hau matakala biyu na ƙofar baya, sai na ga hannunta na dama ya tashi da kansa, ba tare da ta duba ba, ya tafi daidai wurin da muka ɓamɓaro kwanson. Yatsunta suka sauka a kan katako tsirara, inda ɗan tabo ya rage a karkace da ramin ƙusa biyu. Ta bar su a wurin. Sannan ta kai su bakinta ta sumbata.

Mama tana tsaye a cikin kicin da tire a hannu, ta ga komai. Ban san abin da ta gani ba, amma na ga ta sauke tiren a hankali ta gyara mayafinta.

Muka zauna a falo. Baba ya sauko da hankicin ya miƙa mata da hannu biyu. Da ta buɗe, ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙa shafa tagullar da babban yatsa kamar mai shafa kan jariri. Mama tana jin Turanci sarai, da shi take ciniki, amma in magana ta yi nauyi ba ta yarda da shi. Ta ce da ni, "Tambaye ta, don wa aka yi shi?"

Na tambaya. Tsohuwar ba ta gane ba.

"Ki ce mata, wa ake nufi da shi? Wa aka so ya ƙetare?"

Na yi ta kame-kame har na samu na bayyana mata abin da muke tsoro. Ta dubi Mama, ta dubi Anti da ta toge a bakin ƙofa tana jan carbi, sai ta fashe da dariya har da tari. Da ta ga Mama ba ta dariya, ta daina. Ta ce ayoyi ne daga littafinsu mai tsarki, ayoyi iri ɗaya ne a ƙofar kowane gida nasu a duniya. Suna cewa Allah ɗaya ne, a so Shi da zuciya ɗaya, a koya wa 'ya'ya, a tuna da Shi in za a fita da in an dawo. Ba a rubuta sunan kowa a ciki, sai na Mahalicci.

Na fassara musu. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Allahu Akbar." Mama ta ɗaga ido ta dubi saman ƙofar falonmu, inda ta rataye nata ayoyin a cikin gilashi tun ranar da muka tare, kafin ma a shigo da kujeru. Tsohuwar ta bi idonta da kallo, ta ce, "Wancan fa?" Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, ai ke ma kin kafa taki."

Daga nan labari ya ɓalle. Kakanta ya taso daga wani ƙauye a gabashin Turai yana saurayi, lokacin da zama ya gagari mutanensu a can. Abin da ya fito da shi kaya ne kala biyu da wannan 'yar takarda da mahaifinsa ya cire daga ƙofarsu ya ɗinke masa a cikin kwat. Da ya iso nan ba ya jin Turanci, sai ya ɗauki koli a baya: allura, zare, maɓalli, 'yan yadudduka. Yana bin gonaki da ƙafa, inda dare ya yi masa ya roƙi makwanci a rumbu. Ba ya cin naman gidan kowa saboda addininsa, sai dafaffen ƙwai da burodi, har manoma suka sa masa suna mai ƙwai. Daga ƙafa ya koma keken doki, daga keken doki ya buɗe shago, daga shago ya gina wannan gida. Ya sayi sababbin mezuza masu kyau ya kafa a ƙofar gaba da ta ɗakuna, amma ta mahaifinsa a ƙofar baya ya sa ta, don ta nan yake fita da asuba, ta nan yake dawowa.

Baba ya yi murmushi ya ce a gaya mata kakansa shi ma bafatake ne, da jakuna yake zuwa Gwanja sayo goro, wata shida a hanya. Ta ce, "To, da sun haɗu da sun yi ta ƙorafin ciwon ƙafa."

Ta ba mu labarin yammacin Juma'arsu, yadda kakarta take kunna kyandir biyu a kan teburin ɗakin cin abinci, a rufe shago komai yawan masu saye. Ta nuna mana matakala ta huɗu da ta fi kuka, ta ce da gangan mahaifinta ya ƙi gyarawa don ya san lokacin da yayyenta suke dawowa. Ta ce tagar nan mai ruwan ɗorawa kakanta ya sa wa kakarta, saboda ta ce hasken ƙasar nan ya yi mata fari da yawa. Na ji kamar in rungume ta. Wata biyu ina zaune ƙarƙashin tagar ina ƙirƙira mata labarai, ashe na gaskiyar ya fi nawa duka.

Sannan ta zo kan tambayar Mama, ta fenti. Ta ce da manyan kantuna suka buɗe a bayan gari, shagon ya mutu a hankali. Yayyenta suka watse wasu garuruwa. Mahaifinta ya tsufa ya kwanta ciwo, aka yanke shawarar sayar da gidan. A al'adarsu in za a bar gida ga wanda ba nasu ba, sai a cire mezuza duka don kada a wulaƙanta su. Ita aka sa. Ta bi ɗaki-ɗaki ta cire ta zuba a akwati. Amma kafin nan an kawo masu fenti don gidan ya yi kyan gani, sun shafe ƙofar baya gaba ɗaya har da kwanson, ita kuma ga jinya ga kwashe kaya, ta wuce ba ta lura ba. Bayan wata biyu mahaifin ya ce ta kawo masa ta kakan ya riƙe. Ta zazzage akwatin, babu. Ta dawo gidan, sabon mai shi ya ce bai ga komai ba, bai kuma bar ta ta shiga ba.

"Sai na ɗauki wata daban na kai masa," ta ce. "Idonsa ya riga ya tafi. Ya shafa, ya shafa, ya ce mini na gode. Amma na san ya gane. Bai ƙara tambaya ba har ya rasu. Shekara arba'in ke nan da wani abu ina jin wannan na gode ɗin."

Anti ta daina jan carbi. Can sai Mama ta ce da ni, "Faɗa mata, gobe ne za mu ƙona shi."

Na zaro ido. "Mama, ba sai..."

"Faɗa mata. Ni na ɗauko ashanar. Kada ta tafi tana yi mini kallon mutuniyar kirki alhali ba ta sani ba."

Na faɗa. Na kuma ƙara da abin da ba a sa ni ba, na gaya mata wanda ya hana, da labarin kakana mai soke takardu a bango. Tsohuwar ta daɗe tana kallon Baba. Ta ce su ma ba sa jefar da takarda mai sunan Allah, suna da akwati a wurin ibada da ake tara su, in sun yi yawa a kai maƙabarta a binne kamar mutum. Sannan ta juya wurin Mama ta kama hannunta. Ta ce, "Ni na manta shi a ƙofa shekara arba'in, ke kwana biyar kika yi kina tunaninsa. Kuma ga shi kin soya mini abinci."

Wannan karon Mama ba ta jira fassara ba.

Da za su tafi ta ce tana so ta leƙa ɗakin cin abinci. Mama ta buɗe, tana ba da haƙurin hargitsi. Tsohuwar ta tsaya turus a bakin ƙofa. Atamfofi ne jere har saman kanta, ja da kore da shuɗi, ga shadda tana ƙyalli, ga ƙanshin sabon yadi ya cika ɗakin. Ta lumshe ido ta shaƙa. Ta ce kafin kakanta ya sami shago babba, a wannan ɗakin yake jibge bandir, kakarta tana faɗa kullum cewa babu wurin cin abinci. Ta jingine sandarta, ta jawo bakin wata shadda, ta kama gefen da yatsu biyu ta kai kan hancinta, ta miƙe ɗaya hannun iya tsawonsa. Yadi ɗaya. Ta sake kamawa ta kai hanci. Yadi biyu.

Mama ta saki baki. Haka take awo tun ina yarinya, haka ta koya wurin uwarta, kuma kullum ina yi mata tsiya cewa ga tef a aljihun tebur. Ta karɓi ɗaya bakin ta kai nata hancin. Suka tsaya su biyu suna awo suna dariya, tsohuwar tana cewa hannun Mama ya fi nata tsawo, da a shagon kakanta ne da ta karya shi. Anti ta matso ta ce, "Bon, ashe tsohuwar 'yar kasuwa ce." Daga bakin Anti wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Mama ta zaɓi wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye ta ba ta turmi guda, ta kuma yanki ƙyalle ta naɗe mata kwanson a ciki. Ta raka ta har mota tana cewa, "Kaka, a sauka lafiya. Kaka, a dawo." A daren ranar Mama a ɗakinta ta kwana.

Tsohuwar ta dawo kuwa, sau uku, kullum ta ƙofar baya. A bazarar da ta biyo baya ta rasu. 'Yarta ta zo da kanta ta gaya mana. Ta ce an kai takardar wurin masanin rubutunsu ya duba, ya ce haruffan sun goge, ba za a sake kafa ta ba, don haka aka binne ta a maƙabartarsu kusa da kakan. Kwanson kuma an sa masa sabuwar takarda yana ƙofar kicin ɗinta a Summerfield. Ta ce uwar ta sa an ɗinka mata atamfar ta zama mayafin teburin yammacin Juma'a.

Ciwon kan Mama, da aka je asibiti, tabarau ne take buƙata. Famfo kuwa tsufa ne kawai. Anti har gobe tana cewa ai tun da aka fitar da abin komai ya daidaita, mu kuma ba ma musa mata.

Da muka zo ƙarasa fentin ƙofar, Baba ya kai buroshi wurin tabon, sai Mama ta ce daga kicin, "Alhaji, tsallake nan." Har yau yana nan, ɗan tabo a karkace da ramin ƙusa biyu, a tsakiyar farin fenti. Na gama karatu, na yi aure, na bar gidan, amma duk ranar da na je ta baya nake shiga, in yi bismilla, idona ya sauka a kansa.

Ina gode wa Allah da Ya ba ni uban da ya gaji tsoron taka rubutu, da uwar da ta ƙi yarda da waya ta ce sai ta ji daga bakin mutum, ta kuma iya faɗin laifinta a gaban baƙuwa. Abin da makon nan ya koya mini shi ne, in na ci karo da abin da ban iya karantawa ba, takarda ce ko mutum, kada in fara neman ashana. In ɗaga shi sama inda ƙafa ba za ta taka ba, in je in nemo mai shi. Tsakanin Asabar da Juma'a kwana shida ne kacal, amma su ne suka mayar wa wata tsohuwa abin da ta yi shekara arba'in tana nema, mu kuma suka ba mu gidan da muka saya ba mu san shi ba.